Wa Za Mu Miƙa Wa Usur? Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Sabon Kocin Ƙungiyarmu

Tun da kocinmu ya ajiye aiki bayan girbin gero ya koma Kano, inda ya samu koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. A teburin mai shayi tambaya, a ƙofar gidan kallo tambaya, a bakin masallaci bayan isha'i tambaya, har uwargida ta ce ƙanenta ya aiko ta ta jiyo masa ko an tsayar da magana. Ni ne sakataren kwamitin ƙungiyar, a wani gari cikin ƙasar Ringim da ba sai na ambaci sunansa ba, domin masu tambayar sun san kansu. Na tattara abin da aka fi damuna da shi na amsa a nan. Inda kwamiti ya yanke hukunci zan ce na kwamiti ne, inda kuma ra'ayina ne zan ce nawa ne. Wataƙila 'yan'uwanmu na Taura, Garki ko Babura su tsinci abin amfani a ciki, tunda ciwon iri ɗaya ne.

Me ya hana a naɗa wani tun tuni, ga yara suna zaune?

Sau biyu a baya mun yi gaggawa, sau biyun kuma mun gane kurenmu. Neman mutum ba shi ne ya ci mana lokaci ba, masu so sun yi yawa har da waɗanda ba a gayyata ba. Abin da ya ɗauke mu zama uku shi ne mu kanmu mu yarda a kan abin da muke so ƙungiyar ta zama. Wasu kofin shugaban ƙaramar hukuma suke so, bana-bana. Wasu so suke mu yi rajista mu shiga gasar NLO, wato mataki na uku a ƙwallon ƙasar nan, a ƙarƙashin NNL, ita kuma a ƙarƙashin NPFL inda Kano Pillars take. Wasu, ciki har da ni, mun fi damuwa da a reni yaran gari tukuna.

Kowane buri da irin kocinsa. Wanda zai ciyo maka kofi cikin mako uku da 'yan wasan haya ba shi ne zai zauna shekara uku yana koya wa ɗan shekara goma sha huɗu tare ƙwallo da ƙafar hagu ba. Kwamiti ya tsaya a kan haka: shekara biyu ta gina 'yan gida, muna shiga kofin ƙalubale na jiha kowace kakar wasa don yara su saba da babban fili, sannan a duba maganar NLO. Da wannan ma'aunin za mu auna duk wanda ya zo.

Wai banda hura usur da jera mutum goma sha ɗaya, me koci yake yi a ƙungiya irin tamu?

Wanda ya yi wannan tambayar ranar wasa kaɗai yake zuwa fili. Ranar wasa ita ce mafi sauƙi a makon koci.

A manyan ƙungiyoyi akwai mai kula da motsa jiki daban, mai horar da masu tsaron raga daban, likita daban, mai kula da kaya daban. A nan mutum ɗaya ne duk. Shi zai fara isa fili bayan la'asar ya kori awaki, ya duba ko an sake tona rami a bakin raga don ɗibar ƙasar gini, ya tsince ƙaya, ya tura yaro wajen mai faci a hura ƙwallo. Shi zai san cewa ɗan bayanmu na dama ba zai zo atisaye ranar Alhamis ba domin yana bin motar shanu zuwa kasuwar Maigatari, ranar kasuwar Gujungu kuma rabin 'yan tsakiya suna can suna dako. Shi zai je zauren wani dattijo ya durƙusa ya ce, “Baba, don Allah a ara mana shi ranar Asabar, ni da kaina zan dawo da shi kafin magariba,” ya kuma cika alkawarin, domin ran da ya saɓa, ya rasa yaron har abada.

Sai kuma shekarar manomi, wadda babu littafin horarwa na Turai da ya san da ita. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, ga noman farko ga maimai, yaro ya wuni a sunkuye da fartanya, ba za ka ce ya zagaya fili sau ashirin da yamma ba. A watan Agusta gefen filinmu na gabas kan zama tafki. Da kaka kowa yana yankan gero da roron wake. Da rani, lokacin da fili ya bushe ya yi daɗin wasa, lokacin ne kuma rabin ƙungiya ke tafiya cirani, ko Kano, ko Abuja, ko gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa. Ga azumi, wanda ke mayar da atisaye ko dai ya zama ɗan taɓa-taɓa gab da shan ruwa ko a ɗage shi. Kocin da ba zai iya tsara aikinsa a kan wannan kalanda ba, ko da ilimin duniya ya zo, zai tsaya a fili shi da usur ɗinsa da yara shida.

Ɗan gari ya fi ko a ɗauko baƙo daga birni?

A nan gardama ta fi zafi, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Ɗan gari ya san gidan kowa, ba ya bukatar masauki, ba ya bukatar kuɗin mota, idan alawus ya makara ya san inda zai tare ma'aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ɗan gari yana da ƙane, yana da ɗan yaya, yana da suruki. Ranar da ya ajiye ɗan ƙanwar matarsa a benci, a gida zai fara karɓar hukunci kafin ya iso majalisa. Ranar da ya saka shi kuma, ko yaron ya fi kowa iyawa, sai an ce son kai ne. Ga tsohuwar gaba tsakanin unguwanni: mu nan duk wanda aka ɗauko daga gabas da kasuwa, 'yan yamma sun riga sun sa masa ido tun bai fara ba.

Baƙo ba shi da wannan nauyin. Yana iya duban ɗan mai unguwa ya ce masa bai yi ba, ya kwana lafiya. Masu goyon bayan baƙo suna yawan kafa hujja da Pillars, kuma hujjar ba ta banza ba ce: Kadiri Ikhana ne ya fara ciyo musu kofin lig a 2008, Okey Emordi ya ciyo na 2014, dukansu ba Kanawa ba ne. Sai masu son ɗan gida su ce to ai Ibrahim Musa ne ya ɗauko musu kofin ƙalubale a Kaduna a 2019, bayan an doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Duka gaskiya ne. Abin da ake mantawa shi ne Pillars ƙungiyar gwamnatin jiha ce, tana da gidan da za ta sauke koci da albashin da za ta ba shi. Mu baƙon da muka taɓa ɗaukowa sau biyu a mako yake zuwa a motar haya, ranar da mai ya yi tsada ya koma sau ɗaya, ranar da aka yi ruwa hanya ta ɓaci sai dai mu ji shi a waya.

Ra'ayina: ba asalin mutum nake dubawa ba, inda yake kwana nake dubawa. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo garin nan aiki, ya zauna da iyalinsa, ya fi mini duka biyun. Yana tare da mu, amma ba shi da ɗan yaya a cikin 'yan wasa.

Ga tsohon ɗan wasanmu da ya taɓa bugawa a birni, kowa ya san ƙafarsa. Ba shi ya fi cancanta ba?

Muna girmama shi, kuma sunansa yana cikin waɗanda ake dubawa. Amma iya bugawa daban, iya koyarwa daban. Sau da yawa gwanin da Allah ya ba shi abin a ƙafa ba ya iya bayanin yadda yake yi, domin shi bai taɓa koya ba, samun kansa ya yi yana yi. Sai ya tsaya yana yi wa yaro tsawa, “Wannan ma sai an gaya maka?” Alhali eh, sai an gaya masa.

Masu zuwa gidan kallo sun san misalan. Maradona ya ja ragamar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2010, Jamus ta zura musu huɗu babu ko ɗaya. Arrigo Sacchi bai taɓa buga ƙwallon sana'a ba, takalma yake sayarwa, amma ya ɗauki kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990. Mourinho da tafinta ya fara, yana fassara wa Bobby Robson magana a Fotugal. A ɗaya ɓangaren kuma ga marigayi Stephen Keshi, ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. Ke nan suna ba ya hanawa, ba ya kuma bayarwa. Zai shiga gwaji kamar kowa.

Dole ne sai mai lasisi?

A wasannin da muke bugawa tsakanin garuruwa babu mai tambayarka takarda. Da an fara hawa sama maganar takan canja. Lasisin horarwa na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, hawa-hawa ne: D, sai C, sai B, sai A, sai na ƙoli da ake kira Pro. A gasannin ƙungiyoyi na nahiyar ba a barin mutum ya zauna a benci a matsayin babban koci sai da babban lasisi. Akwai kuma cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Legas, NIS, inda masu horarwa da yawa na ƙasar nan suka yi kwas.

Kwamiti bai sa lasisi ya zama sharaɗin shiga ba, domin da mun yi haka da babu wanda zai rage sai 'yan birni. Abin da muka sa shi ne: wanda aka ɗauka, idan ba shi da ko ɗaya, zai yarda ya je kwas na matakin farko da zarar an buɗe, ƙungiya ta ɗauki rabin kuɗin. Wanda kuma ya ce yana da shi, ya kawo takardar ta asali, mu kai ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Dutse a tabbatar. Ba zargi ba ne. An taɓa nuna mana hoton takarda a waya, da muka ce a kawo ta hannu sai aka ce gara ta cinye.

Nawa za a riƙa biyansa, kuma daga aljihun wa?

Ba zan faɗi adadi a nan ba, tsakanin kwamiti ne da wanda aka ɗauka. Amma zan faɗi ƙa'idar: abin da za mu iya biya a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kowa yana jiran sabon gero, shi ne albashin. Ba abin da za mu iya biya a watan Nuwamba ba, lokacin da an sayar da riɗi kowa yana jin kansa Alhaji. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kuɗin ƙungiya daga wuri uku yake fitowa: karo-karon 'yan kwamiti da 'yan kasuwar gari, gudummawar uban ƙungiya, da ɗan abin da 'yan garinmu mazauna Kano da Legas suke turowa. Ba ma karɓar kuɗin ƙofa, filin ma ba shi da ƙofar. Koci na baya wata huɗu yana binmu lokacin da ya tafi, kuma wannan abin kunyarmu ne, ba nasa ba. Mun biya shi kafin mu fara neman wani, domin duk wanda zai zo sai ya kira shi ya ji labarinmu.

Abu guda da muka rubuta baro-baro: koci ba zai karɓi ko sisi daga hannun ɗan wasa ko iyayensa ba, ko da sunan kuɗin fom, ko kuɗin riga, ko goro. Da zarar yaro ya sayi wurinsa a fili, wanda ya fi shi iyawa amma ubansa ba shi da hali ya gama ƙwallo ke nan.

Wa zai fitar da waɗanda za su buga, koci ko Alhaji?

Da ƙarfin hali aka yi wannan tambayar, kuma ita ce uwar sauran.

Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san yadda abin yake. Saura minti goma a fara wasa, sai ga ɗan aike daga inda manya suke zaune a inuwa: “Alhaji ya ce a saka wane.” Koci ya duba takardarsa, ya duba wanda ya sayi rigunan da ke jikin yaran, ya goge sunan wanda ya yi wata guda bai fasa atisaye ba. Daga ranar yaran sun gane cewa ba a fili ake samun wuri ba, a ƙofar gidan Alhaji ake samu. Bayan mako biyu atisaye ya mutu. Bayan wata biyu a ce koci ya kasa.

Mun je mun sami uban ƙungiyarmu a gidansa, mu uku, har da limamin unguwarsu don maganar ta yi nauyi. Ciyaman ɗin kwamitinmu ya ce masa, “Alhaji, ba don kai ba da babu ƙungiyar nan, kowa ya sani. Alfarma ɗaya muka zo nema: a bar wa koci takardarsa.” Ya yi shiru, ya yi dariya, ya ce ashe abin har ya kai a zo da liman. Ya yarda. Yanzu a rubuce yake cikin yarjejeniya: kwamiti ne ke ɗaukar koci, shi ke sallamarsa, shi ke riƙe kuɗi, koci ne kaɗai ke zaɓen mai bugawa da mai zaman benci da wanda za a canja. Mai ƙorafi ya kawo wa kwamiti ranar Litinin, ba a bakin layi ana tsaka da wasa ba. Ni kaina dokar ta hau kaina, domin ɗan wana yana cikin masu tsaron raga, kuma na san ba shi ne na ɗaya ba.

Ta yaya za ku gane na ƙwarai a cikinsu?

Ba da zance ba. Bakin kowa ya iya ƙwallo, musamman tun da aka samu gidan kallo kowa ya haddace huɗu-uku-uku. Kowane ɗan takara za a ba shi mako guda da yaran, atisaye uku da wasan sada zumunta ɗaya da wani gari na kusa. Sakamakon wasan ba shi ne abin dubawarmu ba.

Za mu duba ƙarfe nawa ya iso. Za mu duba, da ƙwallo uku kacal da muke da su, yara nawa ne suke tsaye suna jiran layi, nawa ne suke motsi. Mai dabara yakan raba su gida-gida kowa yana taɓawa, marar dabara yakan sa su gudu har rana ta faɗi domin gudu ba ya bukatar tunani. Za mu duba ko ya kula masu tsaron raga ko ya bar su suna hira a jikin turke. Za mu duba ko zuwa rana ta uku ya riƙe sunayen yaran ko har yanzu “kai mai jan wando” yake cewa. Za mu saurari bakinsa: wanda ya zagi uwar yaro sau ɗaya ya gama, ko shi ne ya ƙirƙiro ƙwallo. Za mu ga abin da zai yi idan yaro ya faɗi ya riƙe gwiwa, ko ya bugu a ka ya tashi yana layi. Wanda ya ce a zuba masa ruwa ya koma ciki ba namu ba ne. Za mu ga kuma ko ya tsayar da atisaye a kan lokaci yara su sami magariba cikin jam'i, domin a kan wannan kaɗai iyaye da yawa suka taɓa janye 'ya'yansu.

Bayan haka sai mu bi sawunsa. Ba shugaban ƙungiyar da ya baro za mu tambaya ba, shi ko dai ya yabe shi don ya rabu da shi lafiya ko ya ɓata shi don haushi. Yaran da suka zauna masa a benci za mu nema. Idan wanda bai samu bugawa ba ya ce mutumin yana da adalci, to yana da shi.

Me zai hana kyaftin ya haɗa biyu, yana bugawa yana horarwa?

Wa zai cire shi ranar da ƙafarsa ta ƙi? Ya riƙe na ɗan lokaci, babu laifi. Na dindindin, a'a.

Idan sabon koci ya ce zai kawo 'yan wasansa daga waje fa?

Mutum biyu ko uku da za su yi rajista da mu su zauna kaka guda, muna maraba, musamman a inda muke da giɓi. Amma cika mota da 'yan haya ranar wasan kusa da na ƙarshe, a ba su kuɗi su buga su tafi, yaranmu suna kallo daga benci, wannan mun daina. Kofin da aka ci haka yana kan kabad a shagon ciyaman, babu yaro ɗaya a garin nan da yake nuna shi ya ce namu ne.

Akwai kuma maganar da mutanenmu ba su cika sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da take da rajista, yaron kuma sunansa yana rubuce a ƙarƙashinta a hukumance. Ƙungiyar ƙauye da ta yi shekara biyar tana saya wa yaro takalmi ba tare da takarda ba, ranar da ya yi nisa sai dai ta gan shi a talabijin. Don haka muna son kocin da zai damu da rajista da ainihin shekarun haihuwa. Rage wa yaro shekaru yana iya cin gasar 'yan ƙasa da goma sha bakwai ta nan kusa, amma a matakin duniya tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantancewa. Haka kuma dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. Duk kocin da ya zo yana cewa yana da hanyar fitar da yaranku Turai, a kawo kuɗin fasfo, ku riƙe aljihunku ku sanar da kwamiti.

Ana cewa ba a hawa mataki sai da “ganin” alƙalin wasa. Ba gara a ɗauko wanda ya san hanya ba?

An ba mu wannan shawarar a ɓoye fiye da sau ɗaya. Ga abin da nake tuna wa masu ba da ita. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki, ƙungiyoyi biyu suna kankankan a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, kuma kusan duka ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci aka zura su. Duniya ta yi mana dariya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa kuma har abada. A cikinsu akwai yara irin namu, waɗanda wani babba ya ce musu su tsaya su bar ƙwallo ta wuce.

Ko ba a kama ka ba, ba mu da kuɗin wannan cinikin. Kullum akwai wanda ya fi ka aljihu.

To maganar taimako fa? Wasu masu horarwar suna da malamansu.

Addu'a kafin wasa da bayan wasa muna yi, za mu ci gaba da yi. Amma binne laya a bakin raga, fasa ƙwai a tsakiyar fili, hana yara gaisawa da abokan karawa, ko a ce a tsallaka katanga kada a bi ta ƙofa, babu kuɗin ƙungiya da zai tafi nan. Shekarun baya an taɓa karɓar kuɗin ƙwallo biyu a hannun ma'aji aka kai wani wuri. An ci mu uku a wasan, muka dawo babu maki babu ƙwallo.

Ɗan siyasa ya yi alkawarin riguna da mota idan aka ɗauki mutuminsa. Za ku ƙi?

Rigunan muna so, Allah ya saka da alheri. Mutumin nasa ya zo ya shiga gwaji. A ƙungiyar nan akwai 'ya'yan kowace jam'iyya, kuma zaɓe yana wucewa ya bar mu da junanmu.

Wasa nawa za a ba shi kafin a ce ya kasa?

Kaka guda cikakkiya, daga rani zuwa rani, sai dai idan ya taɓa kuɗi, ko ya ci zarafin yaro, ko ya daina zuwa. Waɗannan ukun ba sa jiran ƙarshen kaka. Rashin nasara kuwa yana jira.

Mu 'yan ƙasar nan ba mu da haƙuri da masu horarwa, tun daga sama. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana kai Najeriya gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun ana sauke shi kafin a tafi. Magoya bayan Manchester United na gidan kallonmu, waɗanda suka fi kowa ihun a kori koci, su tuna cewa Ferguson ya karɓi ƙungiyar a Nuwamban 1986, bai ɗauki kofin farko ba sai 1990. Da a garin nan ne da tun shekarar farko an raka shi tasha.

A ƙarshen kaka ga abin da za mu tambaya: yara nawa ke zuwa atisaye yanzu idan an kwatanta da ranar da ya karɓa? 'Yan ƙasa da shekara goma sha takwas nawa ya shigar cikin manya? Jan kati ya ragu ko ya ƙaru? Mun je wani gari mun dawo ba a yi jifa ba? Sannan a duba teburi. A kofin ƙalubale na jiha, ƙungiyoyi biyun da suka kai wasan ƙarshe su ke wakiltar jihar a na ƙasa. Ba mu ce ya kai mu can a shekarar farko ba. Mun ce idan aka haɗa mu da Jigawa Golden Stars, babbar ƙungiyar jiharmu, a tashi wasan yaranmu suna iya ɗaga kai.

Mu magoya baya ba mu da ta cewa ke nan?

Kuna da ita. Ranakun gwaji a buɗe suke, kowa ya zo ya gani da idonsa. Shugaban magoya baya yana da kujera a zaman da za a yanke hukunci, kyaftin ma za a saurare shi a madadin 'yan wasa, ko da yake ba zai jefa ƙuri'a ba, don kada gobe ya zama shi ya naɗa mai ajiye shi a benci. Abin da ba za a yi ba shi ne zaɓe ta yawan ihu a dandalin WhatsApp. Wanda aka tsayar za a kai shi gaban dagaci ya sa albarka, kamar yadda aka saba, sannan a sanar.

Kafin nan wa ke riƙe da yaran?

Mataimakin tsohon koci, tare da kyaftin, a matsayin riƙon ƙwarya. Shi ma ya nuna sha'awar kujerar, kuma za a gwada shi a mako na ƙarshe don kada a ce ya fi sauran sanin fili. Atisaye yana nan Litinin, Talata da Laraba bayan la'asar a filin makarantar firamare. Wanda ya tafi da ragar gabas don shanya barkono, don Allah ya dawo da ita kafin Litinin.